Mujiyoyin Gazara

Zaman jiran sakamakon jarrabawa ba ƙaramin aiki ba ne, balle ga yarinya irin Murja, wadda ko a aji sai malami ya roƙe ta ta huta da surutu. Tun da suka gama sakandare aka ɗora ta a kan tsaron ɗan shagon mahaifiyarta a Gazara, inda ciniki bai wuce magi da ƙullin gishiri ba. Abin da ke rage mata zafi shi ne wayar yayanta Zayyad, da yake bari a caji in zai tafi gonar rake.

Wayar kuwa ta gano lagonta. "Abin da akuyar nan ta yi wa mai ita zai sa ki kuka." Murja ta danna. Ba akuya, ba kuka, sai tallar man gashi. Ta ja tsaki, ta rantse ta daina, sai ga wani: "Sirrin kuɓewa da likitoci ke ɓoye miki." Kuɓewar da ake shanyawa a bayan gidansu, wai ita ce da sirri! Duk da haka ta danna.

Ran nan aka zo mata da sabon salo: "Wane tsuntsu ne ke? Amsa tambayoyi ki sha mamaki." Sai ta tuna da aminiyarta Zaituna, yarinya mai shiru-shiru, da zaman gida ya ƙara mata shiru. Ta ce bari ta yi mata, in ta fito ɗawisu ta tura mata ta yi dariya. Ai ta san Zaituna kamar yunwar cikinta. Ta rubuta sunanta, ta amsa komai. Shafin ya ce sai ta tura wa abokai kafin ta ga sakamako, ita kuwa ta tura zauren hirar 'yan ajinsu na waya ba tare da wani tunani ba.

"ZAITUNA MUJIYA CE!" Ga hoto, idanu ƙuru-ƙuru.

A ƙasa an rubuta da ƙananan baƙaƙe wai mujiya mai hikima ce. Wa zai tsaya karanta ƙananan baƙaƙe? Can inda aka ƙirƙiro wasan wataƙila yabo ne. A Gazara, in mujiya ta yi kuka a kan gida tsari ake nema. Abin da ya fi muni, Zaituna manyan idanu gare ta, kuma da wannan sunan aka riƙa sa ta kuka a firamare, har Murja ta taɓa yaga rigar wani Nabil a kansa. Murja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta ja ƙofar shago, wayar a hannu, ta nufi gidan su Zaituna har tana tuntuɓe. Inna Azumi, mahaifiyar Zaituna, na tsakar gida tana tsince shinkafa. Murja ta durƙusa.

"Inna, ina wuni? Ya aiki? Ya gajiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Me kika yi wa ƙawarki? Tun da ta ari wayata ta shige ɗaki."

Daga ɗaki muryar Zaituna ta fito a shaƙe: "Inna, ki ce mata mujiya ba ta fita da rana."

Maganar ta soki Murja ƙwarai. Ta zauna a bakin ƙofar, ta rubuta sunan kanta, ta shiga karanta tambayoyin da ƙarfi tana amsawa. "Kina tashi tun gari da duhu? E mana, wa zai bar asuba ta wuce shi?" Wannan ma ta tura zauren. Sakamako ya fito: Murja mujiya ce.

Inna Azumi ta ture faranti. "Ke, gwada min mu gani." Aka gwada. Mujiya.

"Ni Azumi?" Ta dafe ƙirji, dariya ta ƙwace mata.

Malam Tukur, mahaifin Zaituna, ya shigo daga la'asar, ya ce Allah ya shirye su, sannan ya ja kujera ya amsa nasa. Mujiya. Wayar ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa, 'yan aji na ta gwadawa: Hafiza mujiya, Nabil mujiya, har ɗan limamin unguwa. Ashe duk wanda ya ce yana tashi da duhu, mujiya ake ba shi, garin kuwa kowa na tashi salla.

Labule ya motsa. Zaituna ta fito, idanu a kumbure, ta fisge wayar. Da ta zo tambayar tashi da duhu sai ta saci kallon innarta, ta kare da hannu ta danna.

"ZAITUNA ƊAWISU CE!"

"Au!" in ji Inna Azumi. "Ashe makara kike yi, kina ce min kin yi salla kin koma?"

Tsakar gida ta kaure da dariya. Zaituna ta dubi ɗawisun nan da jelarsa mai ado, ta dubi mutanen gidan da ke share hawayen dariya, ta turo baki.

"Wallahi ban yarda ba. Duk gari mujiyoyi, ni za a ware ni kaɗai? Murja, matso nan ki sake min."