Linzamin Auta

Tun da muka shiga ɗakin taron na hango na'urar da aka ajiye wa Auta a kan dandamali, na san akwai matsala. Ba irin tata ba ce. Ta fi tata girma da ƙyalli, kuma jikina ya ba ni cewa ba za mu fita daga wurin nan lami lafiya ba.

Auta 'yata ce, ita ce ƙarama, ni kuwa tela ne. Ta daɗe tana koyon saka kiɗan rawa a wurin taro, aikin da yaran yanzu suke kira di-je. A bayan shagona take koyo, tsakanin buhun ƙyallaye da teburin guga. Na'urarta tsohuwa ce mai faifai biyu. Maƙwabcinmu Dogo ne ya ba ta aro, shi ne kuma malaminta, don ya yi aikin har kunnensa ɗaya ya yi nauyi.

Ina kan keke ina ɗinki nake jin darasinsu, har na haddace ba da niyya ba. A gefen kowane faifai akwai ɗan maɓallin da ake ja gaba da baya don ƙara saurin waƙa ko rage shi. Dogo linzami yake ce masa.

"Kowace waƙa da irin tafiyarta," in ji shi. "Kafin ki haɗa biyu sai ƙafafunsu sun zo daidai. Ki bi gangar ƙasa, mai dukan ƙirjin nan, ki ƙyale mawaƙi da surutunsa."

"In ɗaya ta fi sauri fa?"

"Sai ki ja linzami. Amma kaɗan, 'yar nan, kamar kina zare ƙaya. In kin ƙara sauri murya ma tashi take yi, ƙato ya koma jariri. In kin rage, budurwa ta koma kakanki. Akwai makullin murya mai hana ta canzawa, ki kunna shi, amma kada ki ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. In kuma kin yi kuskure, kada ki fizgo baya. Masu rawa suna haƙuri da tuntuɓe ɗaya, in kin ƙara na biyu kujera za su nema."

Wanda bai ga abin dariya a nan ba shi ne Yaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini keken farko, kuma ban taɓa ce masa a'a ba. Da ya ji manajan ɗakin taro zai gwada Auta a walimar ma'aikatan wani kamfanin sabulu, sai ya kafa sharaɗi. Gwaji ɗaya ne. In manaja bai ɗauke ta ba, na'ura ta koma wa Dogo, ita kuma ta zauna a shagonsa na kayan gini. Na amsa da to. Auta ma ta ce, "To, Baffa," amma na san irin wannan to ɗin nata.

Ranar walimar Dogo yana kwance da ciwon baya, bai zo ba. Yaya kuwa ya zo, ya zauna a gaba ya harɗe hannu. Na lallaɓa na hau wurinta.

"Auta, wannan fa ba taki ba ce."

"Baba, duk faifai biyu ne da linzami biyu. Don Allah je ka zauna, zufarka tana ɗiga mini a kan waya."

Da farko komai ya tafi daidai. Ana cin abinci tana saka masu sanyi, tana fita daga wannan ta shiga waccan ba ka jin mahaɗa, kamar ɗinkin ciki. Da aka kwashe faranti fili ya fara cika. Na ga ta sa abin saurare a kunne ɗaya tana gyaɗa kai, na gane waƙar da take shirin shigowa da ita ta fi wadda ke tashi sauri. Za ta ɗan ƙara wa wadda ke tashi sauri kenan su haɗu a hanya. Na sha ganin ta yi haka a shago, faɗin yatsa take ja.

Ta ja faɗin yatsa.

Abin da ba mu sani ba, kowace na'ura ana iya saita mata nisan linzaminta, kuma wanda ya yi aiki da wannan kafin ita ya bar ta a buɗe har ƙarshe, makullin murya kuma a kashe. Faɗin yatsan da ke ƙara ɗan taku a shagona, a nan gudu ne. Waƙar ta zabura. Mawaƙin, mutum mai murya kamar tsawa, ya koma ɓera a cikin gwangwani. Wani mai tumbi da ke juyi a tsakiyar fili ya kusa kifawa.

"Wa ya taka wutsiyar mawaƙin?" wani ya ɗaga murya daga baya. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Yaya ya juyo gare ni. "Tashi ka sauko da ita."

Na tashi. Amma manaja ya riga ni, ya nufi dandamali da wayarsa a hannu zai jona ta a lasifika ya sallami yarinya. Ban san lokacin da na sha gabansa na tsaya a kan matakala ba.

"Malam, matsa."

"Ba zan matsa ba."

"Ɗakin nan naka ne ko nawa?"

"Naka ne, ranka ya daɗe. Amma cewa ka yi ta yi har a tashi. Ba a tashi ba."

Yaya ya iso yana huci. "Kai Tela, hankalinka ɗaya kuwa? Ni na ce ka sauko da ita!"

"Yaya, ka yi haƙuri. Ko riga na ɓata, ai ana barina in warware ɗinkin kafin a ƙwace."

Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ni ma ban gane muryata ba.

Auta ko kallonmu ba ta yi ba. Hannunta na kan linzami, kuma ba ta fizgo ba. Ta jawo abin magana da ɗaya hannun ta ce, "Wanda ya gaji ga kujera. Wanda bai gaji ba ya biyo ni, tare za mu sauko."

Wasu 'yan mata suka yi shewa suka ƙara shiga fili. Ita kuwa tana ta mayar da linzamin kaɗan kaɗan, ba ka ma ganin yatsan yana motsi. A kunnenmu mawaƙin ya girma, daga ɓera ya zama yaro, daga yaro ya zama saurayi, har ya dawo mutumin da muka sani. Sai da linzami ya koma tsakiya sannan ta sunkuya ta laluba, ta samo inda ake rage masa nisa, ta kunna makullin murya. Ta sake ja, wannan karon waƙar ta ɗaga a mutunce. Da ta shigo da ta biyun gangunan suka ɗan saɓa, kamar mutum biyu masu tafiya ɗaya yana jan ƙafa. Ta taɓa gefen faifai da ɗan yatsa, suka zama ɗaya.

Manaja ya mayar da wayarsa aljihu, amma bai saki fuska ba. Ba kowa ne ya dawo fili ba. Matar shugaban kamfanin tun da ta zauna ba ta sake tashi ba, kuma na ga manaja ya lura. Da aka tashi muna naɗe wayoyi ya ce, "Zan neme ku." Yaya ya tafi ba sallama.

Da muka ba Dogo labari ya yi dariya har bayansa ya amsa. "Laifina ne, 'yar nan. Baƙuwar na'ura, ki fara duba nisan linzaminta kafin ki gaishe ta."

Washegari Yaya ya kira ni ina tsakiyar yankan wando.

"Alkawari fa?"

"Alkawarin shi ne in bai ɗauke ta ba, Yaya. Bai ce komai ba tukuna. Ko da ya ce ma, sai mun sake zama, da ita a wurin."

Ya kashe wayar.

Na'urar tana nan a bayan shago, Auta tana kanta yanzu haka, ta manna wa linzamin ɗan ƙyalle ja don ta riƙa tunawa. Manaja bai kira ba, ban sani ba ko zai kira. Ban kuma sani ba ko Yaya zai sake taka ƙofar shagon nan.