Ramin da Dries Bai Nuna Ba

A ƙungiyar masu keke ta ƙauyenmu, idan an jera taya na bin taya, ba ka ganin hanya, bayan na gabanka kawai kake gani. Shi ne idonka. In ya hango rami sai ya sauke hannu ya nuna ƙasa, kai ma ka nuna wa na bayanka. Tun muna yara tsoho Staf, shugaban ƙungiyar, ya koya mana haka.

Da na gama karatu a Kanada na dawo gida da niyyar zama. Lahadin farko na shiga jeri, muka ɗauki hanyar daji. Dries, ɗan Staf, yana gabana, yayana Lieven yana bayana.

"Farfesa, ka iya taka feda kuwa har yanzu?" in ji Dries.

"Kai dai duba gabanka."

A gangaren da ke bayan gonar Claes, inuwar itatuwa ta rufe kwalta. Dries ya kauce hagu, hannayensa biyu riƙe da kan keke. Tayata ta faɗa rami. Hular kwanona ta tsage, ƙashin kafaɗata ta dama ya karye.

Da aka sallamo ni daga asibiti na je mashayar da suke taruwa, hannuna rataye a wuya. Staf ya turo mini kofin giya.

"Yaro, an nuna maka ramin. Ka daɗe a waje, ka manta yadda muke tuƙi."

"Ba wanda ya nuna mini komai, Baba Staf."

"Na nuna mana," in ji Dries. "Kana can kana ƙirga tsuntsaye, Farfesa."

Aka yi dariya. Na juya wajen Lieven, domin daga inda yake babu abin da bai gani ba.

"Yaya, faɗa musu."

Ya kalli cikin kofinsa. "Ni tayarka nake kallo."

Na fita. Ya biyo ni har inda aka jingine kekuna.

"Bai nuna ba," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Na gani."

"To koma ciki ka faɗa."

"Haba, ƙane. Kafaɗa ce, za ta warke. In aka ce Dries ba ya nuna rami, ba wanda zai sake bin bayansa, ubansa kuma ba zai yafe mini ba. Ni da mutanen nan zan tsufa. Kai gobe ko jibi ka sake tafiya."

"Na ce maka zama na zo yi."

"Ka dai ce."

Ya gyara mini maɗaurin hannu, ya koma ciki. Ta taga na ga ya zauna kusa da Dries.

Akwai wani aiki a birnin Montreal na Kanada da na ƙi karɓa kafin na taho. Washegari na buga musu waya da hannun hagu, na tambaya ko sun ba wani.