Kiran da Ayuba Bai Yi Ba

Baba Albert ya fizge wayar daga hannun Ayuba da ƙarfin da ba a zaci mara lafiya yana da shi ba.

"Sau nawa ke nan yau?"

"Uku kawai, Baba. Bai ɗauka ba."

"Ya kyauta. Da ya ɗauka, da ya sha rankwashi a wurina."

Suna zaune ne a gindin mangwaron da ke tsakanin gidajensu a unguwar Romi ta Kaduna. Shekara talatin Baba Albert ya yi yana jan bas tsakanin Kaduna da Kafanchan, kuma shi ya koya wa Ben, babban ɗan Ayuba, tuƙi. Wata biyu ke nan da Ben ya samu aikin kai kaya Abuja. Tun daga ranar, da motar ta fita, yatsan Ayuba ba ya barin waya.

"Doka ta hana waya a kan sitiyari," in ji tsohon, yana numfashi da ƙyar. "In jami'an kiyaye haɗura suka kama shi, aiki ya tafi. Wannan mai sauƙin ke nan. Ɗanka yana da ladabi, Ayuba. Wata rana zai ji nauyin ƙin amsa kiran ubansa, ya ɗauka a kan kwana."

"To in zauna ban san halin da yake ciki ba?"

"Filashin. In ya faka ya kashe mota, ya yi maka ƙara ɗaya. Daga nan ka kira ka dame shi son ranka."

Haka suka tsara, Ben kuwa bai taɓa mantawa ba. Ayuba har ƙiba ya fara yi.

Ranar wata Alhamis da hantsi Baba Albert ya shanye kununsa, ya ce ya yi daɗi, ya jingina da bango. Bai sake motsi ba. Mama Celina, matarsa, ta rufe masa ido da kanta, sannan ta fito tsakar gida.

"Baban Ben, kira min yaron nan. Shi ma ɗansa ne."

Ayuba ya ciro wayar. Ya san Ben ya baro Abuja tun ɗazu, yanzu yana tsakiyar hanya. Ya nemo sunan, ya ɗora yatsa a kan koren maɓalli.

"Mama, bari dai ya tsaya tukuna."

Ta ɗan dube shi, ta gyaɗa kai.

Ya mai da wayar aljihu, ya shiga jidon bencina daga coci. Matan zumunta suka cika gidan da waƙa a hankali. Kowane sawu sai ya dafa aljihun, amma bai ciro ta ba.

Rana ta yi tsaka lokacin da wayar ta yi ƙara ɗaya, ta yi shiru.

Ayuba ya ajiye bencin, ya koma gindin mangwaro. Ya kaɗe busassun ganyen da suka zuba a kan kujerar tsohon, ya zauna a ƙasa kusa da ita, sannan ya danna.