Kiran Gidaje a Dutsen Kyauro

A shekarar 1998 Malama Dibora tana koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata a Tsafe. Mutuniyar Kafanchan ce, aikin gwamnati ya kawo ta. Tana haya a gidan Baba Tukur, wani tsohon manomi da gwiwoyi suka fara ba shi wahala. Da la'asar takan zauna a tsakar gida tana shirya darasi, shi kuma yana tufka igiya yana tambayarta labarin mutanen dā.

Wata rana bayan kaka ta ba shi labarin Rumawa. Ta ce kafin Rum ta zama birni, ƙauyuka ne a kan tuddai. Da suka haɗe suka zama gari guda ba su manta ba. Duk watan Disamba sukan yi wani biki mai suna Seftimontiyum, mutanen tuddan su yi yanka, kuma ranar ba a ɗaura wa dabba amalanke.

Baba Tukur ya ajiye igiyar. "Malama, waɗanga Rumawa naki, ba daga Dutsen Kyauro sunka tashi ba?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce a kan wannan dutse aka haife shi, can wajen Bungudu. Yana yaro mutane suka sauko saboda wahalar ruwa, suka watsu, wasu Kekun Waje, wasu Ruwan Bore, wasu Gusau. Amma duk bayan kaka sukan koma kufai. Dā ana yanka baƙin bunsuru, yanzu addu'a ake yi a sha fura. Abu biyu ne ba su sāke ba: a ƙafa ake hawa, kuma wani dattijo yakan tsaya a kan falalen dutse ya kira gidajen dā ɗaya bayan ɗaya, jikokin kowane gida su amsa, "Muna nan." Baba Tukur ne mai kiran, kuma babu wanda ya san gidajen duka sai shi.

Bana kuwa da ƙyar yake zuwa masallaci.

Ranar hawa, ɗansa Adamu, wanda ke aiki a masaƙa a Gusau, ya kai su gindin dutsen a mota, har da Malama Dibora. Can suka tarar da Manu, Bafulatanin da ya daɗe yana abota da Baba Tukur, riƙe da jaki. Adamu ne ya aika masa a asirce. Manu ya ce jakin ya fi mai hawansa hankali, a bar shi ya yi aikinsa. Baba Tukur ya ce ai shi ya sa Fulani suke shawara da shi. Aka yi dariya, amma ya ƙi hawa. Samari suka ce to su ɗauke shi a kafaɗa. Ya ce ranar da za a ɗauke shi a kafaɗa tana nan zuwa, kada su yi mata gaggawa.

Ya kama sanda ya fara hawa, Adamu a damarsa. A hanya yana nuna musu turakun dawaki da suka ruɓe, da ramin da uwarsa take niƙa a kan dutse. A gindin wata tsamiya, kusan rabin hanya, ya zauna. Kowa ya ga ba zai sake tashi ba sai don sauka.

Ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya jawo hannun Adamu ya shiga jera masa gidajen, daga ƙofar gabas zuwa bakin rijiya, yana sa shi ya maimaita. Adamu ya yi tuntuɓe sau da yawa, tsohon bai ɗaga murya ba. Daga baya ya ce masa ya tafi, jama'a na jira.

Malama Dibora ta zauna tare da shi. Ya tambaye ta ko Rumawa suna yin bikinsu har yanzu. Ta ce a'a, sai dai a littafi. Ya gyaɗa kai.

Can sai muryar Adamu ta gangaro daga sama. Gidan Majema. Jama'a suka amsa. Gidan Sarkin Noma. Suka amsa. Leɓun tsohon suna motsi tare da kiran. Da aka kira Gidan Maƙera sai dutsen ya yi tsit. Adamu ya sake kira, shiru.

"Sun ƙare tun shekarar ƙyanda," in ji Baba Tukur. "Ni nika amsa musu. Na manta in gaya mishi."

Ya dafa sanda, ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa. "Muna nan," ya ce, amma muryar ba ta wuce tsamiyar ba.

Sai suka ji Adamu a sama, bayan ɗan jinkiri, ya amsa da kansa, ya wuce gida na gaba.

Baba Tukur ya jingina da tsamiyar, ya ce wa Malama ta miƙo masa furar da suka zo da ita.