Ɗan Tsegumin Babur

Alhaji Audi ya matse kuloci ya danna giya, babur ya yi tari ɗaya ya mutu murus.

A ƙofar gidansa abin ya faru, da safiyar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, ga 'yan majalisa sun baje tabarma a gindin darbejiya suna shan hantsi bayan ruwan da aka kwana ana zubawa. Da a bayan gari ne, da da sauƙi. Nagoggo, abokinsa tun na makarantar allo, shi ya fara buɗe baki kamar kullum.

"Jama'a, ɗan tsegumi ya yi magana!"

Aka kwashe da dariya.

Baburin ɗan Kwatano ne, ta Kwangwalam aka shigo masa da shi, kuma duk Daura ba ka samun irinsa da yawa. A gindin ƙafar da ake kafe shi da ita akwai wani ɗan makunni da bai kai babban yatsa ba. In mutum ya manta ƙafar a ƙasa ya saka giya, nan take yake kashe injin, don kada a shiga kwana da ita ta caki kwalta ta yi jifa da mutum. Da farko alfahari Alhaji yake yi da abin, a kasuwar shanu har tara dillalai 'yan uwansa yake yi ya nuna musu babur mai hankali. Sai bara hankalin ya fara yin yawa. A ƙofar masallaci ya mutu, a wurin mai shayi ya mutu, a gidan biki ya mutu a gaban surukai. Kowane lokaci Alhaji ya duba sai ya ga ƙafar a ƙasa, ya ɗage ta da dunduniya yana zagin wanda ya ƙera ta. A nan Nagoggo ya raɗa wa makunnin suna.

Bayan Babbar Sallah, da ya sayi rago a kasuwa ya dawo gida ya bar shi ɗaure a can, sai babban ɗansa Abdulmuhaimin ya ɗauko liman. Abdulmuhaimin malamin Islamiyya ne, tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar ya tsayar da gemu ya ɗage wando, ko gishiri zai ce a miƙo masa sai ya haɗa da aya. Da yake ɗan fari ne, uban ba ya kiran sunansa, Ustazu yake ce masa, wani lokaci da yabo, galibi da gatse. A zaure aka zauna, aka yi ta "kada ku jefa kanku cikin halaka" har Alhaji ya gaji ya ɗauki alkawari a gaban liman: ranar da babur ya sake mutuwa don ya manta ƙafar a ƙasa, ranar zai miƙa makulli.

Yanzu ya ɗaga gefen babbar rigarsa ya leƙa. Ƙafar a ɗage take, a manne da jikin babur.

Abdulmuhaimin ya fito daga zaure, ya matso ya rusuna.

"Baba, mun yi alkawari."

"A ɗage take."

"Baba, don Allah..."

"Na ce a ɗage take. Ko kurma na haifa?"

"Yanzu kam a ɗage take," in ji Nagoggo daga kan tabarma. "Wa ya san abin da dunduniya take yi a ƙarƙashin shadda?"

Alhaji ya taka kik da ƙarfi, injin ya tashi. Ya danna giya. Babur ya ci gaba da kukansa lafiya lau, kamar bai taɓa yin laifi ba a duniya. Wannan shi ya fi komai ɓata masa rai, don ya ga yadda 'yan majalisa suka kalli juna, ya ga ɗansa ya sunkuyar da kai ya buɗe tafin hannu a hankali.

Ya kashe injin da kansa. Ya zare makulli ya jefa a aljihun 'yar ciki, ya sauko, ya kama kan babur ya fara turawa.

"Ina za ka, Baba?"

"Wurin Sabiru bakanike."

"To ka hau mana, ko ni in tuƙa ka."

"Ba mai hawansa. In na hau ku ce girgizar hanya ce ta lalata shi. Ana taɓa shaida kafin a je gaban alƙali ne? Ko ba haka littafinku ya ce ba, Ustazu?"

Daga unguwarsu zuwa bakin tasha ba kusa ba ne ga mai turin babur a cikin taɓo, balle dattijon da ya aurar da jika. Tayar baya ta yi ta kwasar laka tana ƙara nauyi. Abdulmuhaimin ya sa hannu a kariyar bayan babur zai taya shi, uban ya juyo ya yi masa kallo ɗaya, ya janye hannun. Nagoggo kuwa ya biyo su da sandarsa, wai ba za a yi shari'a babu shaidu ba. 'Yan acaba suka riƙa rage gudu suna tambaya, "Baba, mai ne ya ƙare? Mu ɗebo maka?" Ya ce musu su ɗebo wa iyayensu. Motocin shanu suna ta wucewa zuwa Mai'adua, ya san fataken da suka saba da shi sun isa kara tun ɗazu suna dube-dube, wani dillalin zai kwashe su. Ya bar su su tafi. Kasuwa wata Lahadin ma za ta ci.

Makullin ne ba zai dawo ba in ya fita daga hannunsa. Ya san yadda abin yake. Maharazu maƙwabcinsa, da 'ya'yansa suka karɓe masa mota, wata nawa aka yi ya koma abin shimfiɗa wa buzu a inuwa, ana kawo masa kunu ana yi masa magana da ƙarfi kamar yaro? Shi da ya yi shekara da shekaru yana bin kasuwanni daga Dutsi har Babban Mutum, a ce yau a ɗora shi a bayan ɗan acaba kamar buhun gero? Sai dai a ɗora gawarsa.

Amma wajen gidan mai, da numfashi ya fara yi masa wuya, wani tunani ya shigo masa wanda bai gayyata ba. In fa dunduniyar ce ta ɗage ta bai sani ba? Mutumin da ya manta rago sukutum, me zai hana shi manta motsin ƙafarsa? Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da bijimi ya tsinke igiya ya yo kansa. Ya ƙara sunkuyawa ya ci gaba da turi, bai bari kowa ya ga fuskarsa ba.

Sabiru yana ƙarƙashin rumfarsa ta kwano yana kwance wani inji. Ya ga ayarin ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Lafiya da turi haka?"

"Duba mini abin nan na gindin ƙafa. Kada ka wanke, kada ka busa. A gabansu za ka duba."

Sabiru ya ɗora babur a kan ƙafar tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Ya karɓi makulli, wanda Alhaji ya miƙa masa yana bin sa da ido, ya tayar da injin, ya tabbatar ƙafar gefe a ɗage take, ya saka giya. Taya ta yi ta juyawa. Injin bai mutu ba.

Nagoggo ya yi gyaran murya. Abdulmuhaimin ya kalli ƙasa.

Sabiru ya dunƙule hannu ya doki kujerar babur kamar mutum ya zauna da nauyinsa. Injin ya yi tari ya mutu. Ya sake tayarwa, ya sake doka, ya sake mutuwa. Sai ya tsuguna da sukundireba ya kwance ɗan makunnin, ya ɗago shi a tafin hannu. Laka ce da kashin shanu suka cushe shi suka bushe, ɗan harshen da ke shiga yana fita ya maƙale a tsakiya.

"Ga ɓarawonku nan," ya ce. "Bai san sama ba, bai san ƙasa ba. Jiya ka bi ta kara ko, Alhaji?"

"Na bi."

"Shi ke nan. Da damina haka suke yi. Ko malamin tuƙi ne a kai sai ya kashe masa."

Alhaji Audi ya juya a hankali. Bai ɗaga murya ba, don daɗin abin ya fi ƙarfin ihu.

"Ustazu, akwai wata aya a kan zato, ko? Tuna mini ita, ka san ni da mantuwa."

Abdulmuhaimin ya durƙusa har ƙasa a cikin baƙin mai. "Na yi kuskure, Baba. Ka yafe mini."

"Ni ma a yafe mini rabi," in ji Nagoggo. "Sauran rabin na bara ne."

"Alhaji, ai tun ranar da ka kawo shi na ce maka a cire abin nan," Sabiru ya ce. "Duk wanda ya shigo garin nan da irinsa, kafin ya sha man farko mun yanke. An yi shi ne don ƙasar da ba laka. Wata rana a tsakiyar titi zai kashe maka, ga tirela a baya. In haɗe wayar?"

"Haɗe ta. Na gaji da gulma."

Sabiru ya feƙe wayoyin biyu da haƙori, ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da salatif. Makunnin kuwa ya wurga shi cikin gwangwanin tsofaffin kusoshi, inda 'yan uwansa suke kwance. Ya sauko da babur ya jingine shi a ƙafar gefe, ya goge kujera da tsumma.

Alhaji ya hau kamar ango. Ya gyara hula, ya baza riga, ya ba injin wuta har masu faci na gefe suka ɗago kai. Nagoggo ya ɗaga sanda yana yi masa kirari, "Audi na Kulu, sa maza gudu!" Abdulmuhaimin ya juya yana yi wa Sabiru godiya. Alhaji ya danna giya, babur ya ɗauka sumul, ya ratsa jiƙaƙƙen filin rumfar ya hau kwalta ya karya hagu.

Ƙarfe ya caki titi. Babur ya yi tsalle ya karkace, kan ya fizge daga hannunsa, ya ga ƙasa ta taso masa. Da ƙyar ya dire ƙafar dama ya tare. Wata motar itace ta wuce ta gefensa da hon, iskarta ta ɗaga masa riga.

Ƙafar a ƙasa take.

Ya ɗage ta da dunduniya, a ƙarƙashin shadda. Ya waiga. Injin niƙa na kusa yana ta ruri, Nagoggo ya shiga gardama da mai rake, ba wanda ya yi salati. Hanya a buɗe take har Mai'adua, makulli a jikin babur, kuma daga yau babu abin da zai sake kashe masa inji a gaban mutane. Zai iya mantawa kullum ta Allah ba wanda zai ji labari, sai ranar da za a zo a kwashe shi a wata kwana.

Ya tafi a hankali har shataletale. Ya zagaya ya dawo.

"Alhaji, wani abin ne kuma?" Sabiru ya tambaya.

"Ɗauko abin nan. Wanke shi da fetur ka mayar."

"In mayar? Yanzu fa ka ce..."

"Baburinka ne ko nawa?"

"Naka ne, Alhaji. Amma wallahi zai sake cushewa."

"In ya cushe in kawo ka wanke. Aikin me kake yi a nan?"

Nagoggo ya matso yana dariya. "Kai da ɗan tsegumi kuma? Yau fa ya kusa raba ka da makulli."

"Gara ƙarfe ya gaya mini magana da ɗan da na haifa ya gaya mini."

Sabiru ya zazzage gwangwani ya tsinto makunnin, ya wanke, ya shafa giris, ya warware salatif ya mayar da kowace waya gidanta. Ya gwada da ƙafa a ƙasa, injin ya mutu. Ya gwada a ɗage, ya doki kujera har sau nawa, bai mutu ba. Duk wannan lokacin Abdulmuhaimin yana tsaye gefe, ko aya ɗaya bai jawo ba. Sai da uban ya hau sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Baba, in an mayar da shi, alkawarin fa?"

"Yana nan. Na ce maka na janye ne?"

Ya tattare gefen hagu na babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ƙafarsa ta fito fili, duk mai son kallo ya kalla. Ya sa dunduniya ya ɗage ƙarfen har ya yi ƙara, ya sunkuya ya dube shi da idonsa, sannan ya danna giya.

Da ya hau kwalta ya duba madubi. A jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, daga rumfar Sabiru har bakin titi, ga layin da ƙafar ta ja ɗazu, zane guda kamar an bi da garma. Abdulmuhaimin yana tafe a kansa, ya ba Nagoggo baya, yana share shi da takalmi.