Darasin Tela Mai Mantuwa

A makarantar koyon Turanci ta manya, wadda ke saman wani shagon taya a bakin babban titi, akwai wata malama da kowa ke ce wa Babbar Malama. Ba ita ce shugaba ba, sai dai ta fi kowa daɗewa, kuma ita ce mai kabad ɗin ƙarfe da ke kusurwar ɗakin malamai. A cikinsa akwai gumin shekara da shekaru: hotunan da ta yanko daga tsofaffin mujallu ta manna a kwali, da 'yan hirarrakin da ta tsara da kanta. Littafin da makaranta ta saya cike yake da mutane masu zuwa shan iska bakin teku, alhali ɗalibanta direbobi ne da masu jinya da masu gyaran waya, Turancin neman abinci suke so.

Da lokacin yi mata aikin ido ya zo, sai ta miƙa makullin kabad ga sabuwar malamar da aka ɗauka, wata siririya mai saurin magana, wadda malamai ke kira Auta don ita ce ƙaramarsu.

"Ki ɗauki duk abin da ya yi miki," in ji ta. "Kin ga littafin nan ba zai kai ki ko'ina ba."

Ranar da ta dawo aiki, ta ba ɗalibanta rubutu ta zauna tana hutar da idon. Bangon da ya raba ajinta da na Auta katako ne, ko tari aka yi sai an ji. Can sai ta ji rabin ajin Auta ya ɗauka da Turanci, murya ɗaya: "Ina tef ɗin awona?" Ɗaya ɓangaren ya amsa: "Ka duba ƙarƙashin kujera." "Ba ya nan." "Ka duba bayan keken ɗinki."

Alli ya suɓuce daga hannunta. Ta san ƙarshen hirar, domin ita ta rubuta: tef ɗin yana rataye a wuyan telan.

Marigayi mijinta tela ne, kuma kusan kullum da safe sai an yi wannan neman kafin ya fita shago. Wata shekara tana neman dabarar koyar da "ƙarƙashi" da "baya" da "sama" da "cikin", sai ta ga ai ga darasi nan a tsakar ɗakinta. Da ta fassara masa abin da ta rubuta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Shi ke nan, kin tona mini asiri, da Turanci kuma, yadda ba zan iya kare kaina ba." Bayan rasuwarsa ta tura takardar can ƙasan kabad, ba ta ƙara koyar da ita ba, har ta manta tana cikin abin da ta ba da aro.

Ana tashi ta sami Auta a ɗakin malamai.

"Hirar telan nan, a ina kika samo ta?"

"A ƙasan kabad, Mama. Ai ta fi duka daɗi. Har na buga wa malamai biyu, na kuma aika wa wata ƙawata da ke koyarwa a wata makarantar."

"Aro na ba ki, 'yata, ba rabo ba."

Fara'ar Auta ta gushe. Ta fara ba da haƙuri, ta ce za ta karɓo duka, amma Babbar Malama ta riga ta ɗauki jakarta. Ita kanta ta san abin da ya fita ya fita, ruwan da ya zube ba ya kwasuwa.

A gida ta tarar da babbar 'yarta tana guga. Ta zauna bakin gado ta ba ta labari, tana jiran a taya ta jin haushi. Sai 'yar ta ajiye dutsen guga ta kama dariya.

"Umma, da Baba na nan, ai cewa zai yi a kai shi ajin ya yi abinsa da kansa. Mutumin da ko baƙo aka yi sai ya ba shi labarin nan?"

"Ba ki ji yadda suke faɗa ba ne. Kamar masu karanta takardar kotu."

"To, wannan ba laifin yarinyar ba ne. Ita takarda ta gani, ba ta ga Baba ba."

Babbar Malama ta daɗe tana kallon taga, tana tambayar kanta me ya fi yi mata ciwo: jin maganar mijinta a bakin baƙi, ko jin ta babu shi a ciki.

Kashegari, maimakon ta wuce ajinta, sai ta tsaya a ƙofar ajin Auta. An fito da mutum biyu gaba. Mai yin tela wani dattijon direba ne mai tumbi, wanda ya taɓa zama a ajin Babbar Malama zango guda bai buɗe baki ba don kunyar kuskure. Ga shi yau ya rataya wayar caji a wuya a madadin tef, yana leƙa ƙarƙashin tebur, yana jefo Turanci ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba. Mai yin matar wata ma'aikaciyar jinya ce, ta riƙe ƙugu tana amsa masa a fusace.

Auta ta hango ta, ta ɗaga hannu za ta tsayar da su.

"Bar su," in ji Babbar Malama, ta shigo ciki. Ta dubi ma'aikaciyar jinyar. "Turancinki daidai ne, amma matar nan ba faɗa take yi ba. Tun da ya buɗe baki ta ga tef ɗin a wuyansa."

"To me ya sa ba ta gaya masa ba, Malama?"

"In ta gaya masa, fita zai yi, sai dare. Tana aikensa ƙarƙashin kujera da bayan keke ne don ya ƙara ɗan zama a gida."

Direban ya shafa wayar da ke wuyansa, ya ce, "Ashe haka suke yi mana."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ma'aikaciyar jinyar ta sauke hannu daga ƙugu, ta sake ɗaukowa daga farko, a hankali wannan karon, tana danne murmushi.

A bakin ƙofa Auta ta biyo ta, murya ƙasa-ƙasa. "Mama, in karɓo sauran?"

"Bar musu. Amma ki kira ƙawar taki ki gaya mata yadda ake karanta matar."

Ta gyara zaman tabarau, ta wuce ajinta, inda ɗalibai suka fara surutu don sun ga malama ta makara.