Libarbar Ranar Talata

Rabin Ammu Hatim yana cikin ɗakin Hussaina, rabinsa yana waje a kan tayil, mutumin is'af, masu agajin gaggawa, kuma yana cikin waya yana ce mata ta ɓalle masa maɓallin wuya, ta sassauta duk abin da ya matse shi, motar asibiti na hanya. Dogayen rigunan tob biyun da ya sauko karɓa suna zube a gefensa cikin ledarsu. Ko minti uku ba a yi ba da ya tsaya daga bakin ƙofa yadda ya saba, yana tambayarta ko mijinta Ja'afaru ya samu hutun Juma'a, sai ya ce mata “dakata, ya binti,” ya dafa bango, ya sulale.

Shekara biyu tana yi masa ɗinki ba ta taɓa taɓa ko hannun rigarsa a jikinsa ba. Shi ne maƙwabcinsu na sama a wani tsohon bene a Rusaifa, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo a ƙafa daga ƙasar Katsina. Ya yi shekara talatin yana gadin motocin wani kamfani a hanyar Jidda, ya yi ritaya, ya koma ba kuliyoyin unguwa ruwa a murfin bokitin fenti. Aikin da yake kawo mata iri ɗaya ne kullum: aljihu na ciki a gefen dama na kowane tob, da yadi mai kauri ninki biyu. Awon a rubuce yake zuwa a takarda, kuma awo uku ne, dogo da matsakaici da gajere. Ya ce na na'urar gwada suga ne. Hussaina a waya ta koyi ɗinki, Larabci kuma a allunan shaguna, amma ko ita ta san na'urar suga ba ta girma ta ragu. Ta dai ɗauka irin abubuwan masu gari ne, ta ɗinka.

Da ta ja tob ɗin da ke jikinsa don ta sassauta shi sai hannunta ya bugi wani abu mai tauri a cikin gajeren aljihun. Ta zaro shi. Libarba ce, ƙaramar bindiga, baƙa, gajeruwa, mai mariƙin katako, da ɗumin jikinsa a jikinta kamar burodin tamis da aka fito da shi yanzu. Hussaina ta tsaya riƙe da ita, bakinta a buɗe, mutumin is'af yana ta tambayarta ko tsohon yana numfashi.

Abin da ya zo mata a rai ba addu'a ba ce, duk da daga baya ta so a ce ita ce. Iƙama ce ta zo mata, takardar izinin zama a ƙasar. Ja'afaru direban bas ne a tashar Kudai, ita a kan takardarsa take zaune, keken ɗinkinta kuwa ba ya kan takardar kowa. Ga ɗan ƙasa kwance rabinsa a ɗakin baƙuwa, miji ba ya nan, ga bindiga. Ta san waɗanda aka sa a jirgi aka mayar gida a kan abin da bai kai rabin wannan ba. Sai ta yi abin da duk baƙon da ya daɗe a garin nan hannunsa ke yi da kansa idan ya ji hukuma na tafe: ta ɓoye. Ta shiga kicin ta tura libarbar cikin buhun basmati har gwiwar hannu, ta lulluɓe keken da zanin gado, sannan ta fito ta ɗaga kai sama ta kira Khala Jawahir, matar tsohon.

Kafin Khala ta gama saukowa da gwiwoyinta, ma'aikatan is'af sun iso. Sun danna ƙirjinsa a nan kan tayil har gumi ya jiƙa musu riga, sannan babban cikinsu ya duba agogo ya faɗi lokaci. Sun tambayi magungunan da yake sha. Babu wanda ya leƙa ɗakin Hussaina, babu wanda ya ko kalli keken. Sai da ta zauna bayan La'asar sannan lissafin ya zo mata daidai: da ta bar abin a inda ta gan shi, da bindigar mutum ce a aljihun mai ita. Yanzu bindigar mamaci ce a cikin shinkafarta.

An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Washegari da safe ta gaya wa Ja'afaru. Ya zauna a ƙasa da safa ɗaya a ƙafa, ya sa ta maimaita. Ya ce a jefa a kwandon shara na bakin titi, sai ya tuna kyamarar mai shagon da ke kallon kwandon. Ya ce zai tafi da ita Kudai, sai ya tuna ana duba bas. A ƙarshe ya ce Allah ya kawo mafita, ya sa ɗaya safar ya fita, kuma daga ranar burodi da shayi kaɗai ya yarda ya ci a gidan.

Zaman makoki kwana uku ne, maza a ƙasa cikin rumfa, mata a sama. Tagar kicin ɗin Hussaina tana kallon rumfar, don haka ta ji jawabin Malam Abdulquddus tun daga bismilla. Shekararsa tara yana digirin dakta, amma tun shekara ta biyu ya yarda a riƙa ce masa Duktur don kada ya kunyata masu kira. Ya ce shi shaida ne, marigayi ko allura bai taɓa ɗauka da nufin wani Musulmi ba, mutum ne da hannunsa bai san komai ba sai carbi. Ya faɗa da Larabcin littafi, ya fassara da Hausa, ya sake faɗa da Larabci don waɗanda suka makara. Hussaina tana tsaye da ludayi, taku biyu tsakaninta da buhun.

A rana ta biyu ta hau sama taimaka wa mata da zuba gahawa. Tana wanke ƙananan kofuna ta ji muryar Fahad ta ƙofar ɗakin uwarsa. Shi ne babban ɗan marigayi, ma'aikaci a Riyad, mai tabarau ko a cikin ɗaki, wanda in an yi masa Hausa yakan juya ya ga ko da wani ake. Ya buɗe akwatin ƙarfen ubansa ya tarar da gurbi uku, bindiga biyu. Duka ukun da sunan uban aka yi musu takarda, dole magada su nuna su, in ɗaya ta ɓata dole a kai rahoto ga shurɗa, wato 'yan sanda, tun kafin a same ta a hannun wani. Ya tambaya wa ke tare da shi lokacin da ya faɗi. Bai jira amsa ba ya ce ai mai ɗinkin nan ce ta ƙasa, daga ɗakinta ya kamata a fara.

Kofi ɗaya ya suɓuce wa Hussaina cikin ruwan kumfa, bai fashe ba. Ta ji Khala Jawahir ta ce babu ɗan sandan da zai taka gidan nan ana karɓar gaisuwar ubansa, ya bari a gama gobe Alhamis, bayan La'asar ya yi abin da ya ga dama.

Alhamis da hantsi, kafin mata su fara taruwa, Hussaina ta dafa wa gidan makoki abinci yadda maƙwabta ke yi. Kula biyu ta jera a tire. Ɗaya shinkafa da miya, ɗaya kuma ta naɗe libarbar a tawul ɗin hannu ta kwantar a ciki ta rufe. Ba ta san inda ake riƙe abin ba da inda ba a riƙewa, don haka da cokalin juya miya ta tono ta daga buhun. Matakala ashirin da biyu ce zuwa sama, ta san adadin ne a ranar.

Khala tana zaune a ƙasa a ɗakinta cikin kayan takaba, ta miƙe ƙafafu a kan matashi. Ta ce a kai kicin. Hussaina ta ce ɗayar ta kicin ce, ɗayar ba ta kicin ba ce. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi kular, ta ce ta rufe ƙofa.

Ta buɗe murfin ta warware tawul ɗin ba tare da ko ƙifta ido ba. Ta ɗauki libarbar, ta juya bakin ga bango, ta danna wani abu da babban yatsa, gangar ciki ta faɗo gefe. Ta karkata ta, harsashi biyar suka zubo mata a cinya. Hussaina ta nemi wurin zama ta rasa, sai ta zauna a inda take.

“Khala, dama da harsashi a ciki?”

“To da dabino zai cika ta?”

Hussaina ta tuna cokalin miya.

Tsohuwar ta hura bakin bindigar, garin shinkafa ya tashi. Ta ce shekara ashirin da shida ita ke zaɓa masa wadda zai fita da ita. Asabar da Lahadi doguwar, Litinin da Talata gajeruwar, Laraba da Alhamis ta tsakiya. Wadda ta sauka daga jikinsa a goge mata gumi a shafa mata mai ta huta, in ba haka ba zafin garin nan tsatsa yake sa musu. Kowace da tob ɗin da ya dace da ita don kada ta nuna. Juma'a babu, kuma in zai shiga masallaci sai ya hawo ya ajiye ta a kan firji, shi ya sa kullum a sahu na uku yake, mutane na cewa tawali'u ne.

“Talata ce. Ni na sa masa ita da hannuna bayan ya sha shayi. Da suka miƙo min agogonsa da zobensa da makullai babu ita, na san inda ta kwana.”

“To me ya sa ba ki aiko ba, Khala? Kwana biyu ko ruwa ba ya wuce min.”

“In aiko wa, in ce me? Takardarsa ta ajiya a gida ce, ba ta yawo ba. Na faɗa masa har na gaji. Kina so a ce Hatim ya cika a garin Makka da bindiga a jikinsa, a faɗa a rumfa, a faɗa wa jikokinsa?” Ta jera harsasan a cikin kofin gahawa ɗaya bayan ɗaya. “Hauka kika yi, ya binti. Amma haukan ya yi min amfani.”

Hussaina ta tambaya ko ya taɓa harba ta. Khala ta ce sau ɗaya ne ya kamata, a hanyar Jidda, ranar da aka tare su aka kashe abokin aikinsa a kujerar da ke gefensa, ranar kuma tasa tana kulle a aljihun mota. Tun daga nan bai sake fita ƙofa babu nauyi a gefensa ba. Ta ɗaga murya ta kira Fahad.

Ya shigo da waya a hannu. Ya ga Hussaina a ƙasa, ya ga kula a buɗe babu abinci a ciki, ya ga abin da ke cinyar uwarsa. Ya cire tabarau.

“Ga ta nan,” in ji Khala da Hausa. “An same ta.”

Ya tambaya da Larabci a ina. Ta ce a gidan nan. Ya ce ya duba gidan nan kaf, har bayan firji, wa ya ajiye ta kuma a ina.

“Je ka Shara'i ka tambayi mai ita. Sannan ka gaishe da maƙwabciyar ubanka, ita ta riƙe masa kai lokacin da kake Riyad.”

Fahad ya daɗe yana kallon tawul ɗin, wanda ƙwayoyin basmati uku ke manne a jikinsa. Ya mayar da wayar aljihu. Ya ce wa Hussaina Allah ya saka da alheri, idonsa a ƙasa, ya miƙa hannu zai karɓi bindigar. Uwar ta ce ya bari, ba a mayar da ita akwati sai an goge, ya miƙo mata kwalbar mai da tsumma a aljihun tebur, ya fita.

Hussaina ta tattara kularta. Ta miƙe. Khala ta ce gobe ta kawo mata abinci na gaske a ciki, ba ta son miya mai yaji. Ta amsa da to.

A bakin ƙofa ta waiga. Tsohuwar ta ɗiga mai a tsumma tana goge libarbar a hankali, daga baki zuwa mariƙi. A bayanta, jikin ƙofar kabad, farin tob ɗin Laraba yana rataye a goge, gefen damansa ya ɗan saki inda matsakaicin aljihun yake, iskar na'urar sanyi tana kaɗa shi kaɗan kaɗan.